Shekarar farko a jami'a ce matatar masu son zama likita

Ƙannenmu da ke ajin kimiyya, mun san abin da ke ran da yawa daga cikinku: a ci WAEC ko NECO, a sami maki mai tsoka a JAMB, a ga suna a jerin waɗanda aka ɗauka karatun likita, shi ke nan an haye. Mu da ke rubuta muku wannan ɗaliban likitanci ne da muka kai shekarun zagayen marasa lafiya a asibitin koyarwa, kuma muna so ku sani tun yanzu cewa bayan JAMB akwai sauran tacewa. Makin da ɗalibi ya samu a shekararsa ta farko a jami'a shi ke yanke masa hukunci, ko ta wace ƙofa ya biyo.

Ƙofa ta farko ita ce wadda kowa ya sani. Ɗalibi ya kawo kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, ya zauna jarrabawar JAMB mai maki 400, aka ba shi gurbin digirin MBBS na shekara shida. To amma a aji ɗaya ba a fara koyar da likitanci ba tukuna. Kwasa-kwasan kimiyya ne ake yi tare da ɗaliban wasu sassa, kuma sai wanda ya cika sharuɗɗa zai wuce aji biyu, inda ake fara Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistiri. A jami'o'i da yawa makin cin kwas ga ɗalibin likitanci 50 ne cikin 100, alhali abokin zamansa na wani sashe zai iya wucewa da ƙasa da haka. Wanda ya gaza, gwargwadon dokar jami'arsa, akan mayar da shi wani sashe. Akwai dalili: hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, tana ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, bisa ga malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta.

Ƙofa ta biyu ta waɗanda suka nemi likitanci aka ba su wani kwas ce, kamar Maikurobayoloji ko Kemistiri. Da yawa kan karɓa da niyyar canja sashe bayan shekara ɗaya. Wasu jami'o'in ba sa yarda da wannan canji sam, waɗanda ke yarda kuwa guraben 'yan kaɗan ne, kuma babu abin da ake dubawa kamar sakamakon aji ɗaya.

Ƙofa ta uku ita ce mutum ya gama digirinsa na farko a wani fannin kimiyya, sannan ya nemi shiga aji biyu na likitanci kai-tsaye ta hannun JAMB. A nan yawanci ana neman digiri mai daraja ta biyu babba ko sama da haka. Kuma a nan ne shekarar farko ke biyo mutum bashi.

Ku duba yadda lissafin yake. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke amfani da shi, wanda ya sami 70 zuwa sama ya ci A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, darajarta 3. F kuwa sifili ce. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani biyu, wani uku, sai a ninka darajar da nauyin, a tara duka, a raba da jimillar nauyin. Abin da ya fito shi ne CGPA, kuma ba a share shi a sake sabon lale a kowace shekara, tafiya yake da mutum har ranar da zai gama. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu babba daga 3.50.

A ce digirin na shekara huɗu ne, kuma nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne. Ɗalibin da ya gama aji ɗaya da 2.00, sai ya riƙe 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓa 3.50, a daidai lokacin da karatun ke ƙara tauri. Wanda ya gama da 3.00, ba zai kai 4.50 ba sai ya ci A a kowane kwas har shekara uku, ba kuskure ko ɗaya. Wanda kuma ya fara da 4.50, yana da sararin da ko wani kwas ya ba shi wuya daga baya ba zai durƙusar da shi ba. Ku ɗauki biro ku gwada da kanku, lissafin bai fi ƙarfin ɗan SS1 ba.

Wannan ƙofa ta uku ita ce babbar hanya a Amurka. A can sai mutum ya yi digirin farko, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya nemi makarantar likitanci ta shekara huɗu. Cibiyar da ke tattara takardun masu nema ga yawancin makarantun tana lissafa kowane kwas tun daga zangon farko, kuma in mutum ya faɗi kwas ya maimaita, makin faɗuwar da na maimaicin duka ake haɗawa. Sai dai masu tantancewa kan duba ko makin ɗalibi yana hawa daga shekara zuwa shekara, su ba hakan muhimmanci.

Me ya sa aji ɗaya ke kayar da masu ƙoƙari? Mun zauna a cikinsa, mun gani. Ɗakin lakca cike yake maƙil, wanda ya makara sai ya tsaya a bakin taga. Ba mai kaɗa ƙararrawar firef, ba mai bin ka da bulala, ba mai tambayar ko ka kwafi darasi. Wasu kan iso makonni bayan an fara karatu saboda neman kuɗin rajista ko wurin kwana, kafin su gane hanyar ɗakin gwaje-gwaje an sa ranar gwajin farko. Alhali gwaje-gwajen cikin zango da ayyukan gida su ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya yi wasa da su ya shiga babbar jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi ba mu tausayi. Mun zauna da abokai masu A da B reras a takardar sakandare, amma aka ba su lissafin mol a Kemistiri suka rasa ta inda za su kama. Wasunsu sun faɗa mana da bakinsu cewa a cibiyar da suka zauna jarrabawa, a allo aka rubuta musu amsa. Iyayensu sun biya kuɗi suna ganin gata suka yi musu, ga shi shekara ɗaya tak ta tona komai. Mun ga yadda ɗalibi ke rasa yadda zai gaya wa mahaifiyarsa an canja masa sashe, bayan duk unguwa ta fara kiransa dakta.

Wannan ne ya sa muke magana da ku tun kuna sakandare. Mafi yawan abin da za ku tarar a aji ɗaya, abin da ke cikin littattafanku na SS1 zuwa SS3 ne aka faɗaɗa, aka ƙara masa sauri. Duk babin da kuka tsallake yau domin malami ya ce ba ya yawan fitowa a jarrabawa, yana can yana jiran ku. Ku riƙe Lissafi da kyau, domin Fiziks da Kemistiri a kansa suke tsaye. In makarantarku ba ta da kayan gwaji, ku roƙi malaminku ya nema muku izinin zuwa wata makaranta da ke kusa. Ku saba wa kanku da zama awa biyu kuna karatu ba wanda ya sa ku, waya a kashe, domin wannan ɗabi'ar ce za ta maye muku gurbin ƙararrawa. Ranar da kuka shiga jami'a kuma, ku nemi littafin dokokin tsangayarku ku karanta da idonku, kada ku dogara da jita-jitar ɗakin kwana.

In kuma zangon farko ya zo da akasi, ba a nan duniya ta ƙare ba. A je wurin malamin da ke kula da ajin tun da wuri, a ji abin da doka ta tanada. A cikinmu akwai wanda sai da ya sake zama JAMB, akwai wadda ta biyo ta IJMB, akwai wanda ya shigo da digiri a hannunsa ya girme mu da shekaru. Duk tare muke bin gadajen marasa lafiya yanzu. Amma ku tambaye su, za su gaya muku yawan shekarun da kuɗin da zagayen ya ci musu. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa mu gan ku a asibiti kuna karɓar aiki daga hannunmu.