Ciwon da Ba Ya Shiga Littafin Lissafi

Mu 'yan kasuwa mutanen lissafi ne. Mun san abin da dila ke ci daga Kano zuwa Gamboru, daga Kusuri har ta tsallako gadar Ngeli ta shigo Ndjamena. Amma akwai asarar da ba ma rubutawa: ta yaron da idonsa ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ya yi gum, mu kuma mu ce ai yaro ne, zai manta. Wallahi ba ya mantawa, haɗiyewa yake yi.

A watan Janairun 2015 'yan Boko Haram suka afka wa Baga. Dubban mutane suka tsallako tafki cikin kwale-kwale zuwa Chadi, aka tsugunar da da yawansu a sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola. Cikin waɗanda suka tsallako akwai ƙanwata da ɗanta mai shekara tara. Mijinta, mai sana'ar bandar kifi a Doron Baga, bai iso ba. Bayan wata biyu na ɗauko su zuwa gidana.

Yaron nan da na sani da surutu kamar aku ya dawo sai kallo. Cikin dare ya farka da ihu, ya jiƙa shimfiɗa. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ƙarƙashin gado. Mun yi addu'a, mun yi tofi, ba mu kuma fasa ba. Ya fara samun sauƙi ke nan, sai ranar 11 ga Yuli, cikin azumi, bam ya tashi a ƙofar babbar kasuwa. Ƙarar motocin asibiti kaɗai ta mayar da shi gidan jiya.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, wadda ta yi aiki a yankin tafki, ita ta ce mini: "Alhaji, a sansani takarda da fensirin kala ake ba irinsu. Ku ba shi, ku zauna kusa da shi. Kada ku tambaye shi, kada ku gyara masa, kada ku ce ya yi kyau ko bai yi ba. In ya gama, ku ce ko zai gaya muku abin da ke ciki. In ya ƙi, ku ƙyale shi."

Haka muka yi kullum bayan la'asar. Makon farko baƙi da ja kawai yake murzawa har takarda ta huje. Daga baya gidaje suka fito, da wuta a kansu. A mako na huɗu ya zana kwale-kwale cike da mutane, ga mutum ɗaya a cikin ruwa. Ya ɗora yatsa a kai, ya ce, "Kawu, wannan Baba ne. Wuri bai ishe shi ba." Duk tsawon watannin nan uwarsa tana zaton a daren ta rufe masa ido da mayafi bai ga komai ba. Ranar suka yi kukan da ba su taɓa yi tare ba, kuma daga makon ihun dare ya fara ja baya.

Ga yadda na fahimci abin. Firgici ba da kalmomi yake zama a zuciya ba, da hoto da ƙara da wari yake zama. Shi ya sa "faɗa mini abin da ke damunka" ba ta buɗe bakin yaro. Amma in hannu ya fito da hoton ya ajiye a takarda, ya zama abin da za a kalla, a nuna wa wani, a naɗe a sa a akwati. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa wa wannan hanya suna a 1942, bayan zane ya ɗebe masa kewa yana jinyar tarin fuka. Yau fanni ne da ake karantawa.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Je ka Gawi, nan bayan gari, ka ga matan Kotoko suna ginin tukwane da zanen bango. Ƙanwata kuwa ɗinkin hula ta kama. Ta ce muddin allura na tafiya, tunani ba ya samun wurin zama. Wanda ke da shakka kan zana mai rai, ya tambayi malaminsa. Ga bishiya, ga kogi, ga dagi, ga lalle.

Sai dai a kiyaye. Zane ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daina cin abinci, ko yake ambaton kashe kansa, ko yake jin muryoyi, asibiti za a kai shi ba jira. Kada kuma a tilasta wa yaro ya zana abin da ya gani, ko a ɗora zanensa a WhatsApp, sirrinsa ne.

Ɗan'uwa, takarda da kala ba su kai kuɗin katin waya ba. Abin da ke da tsada shi ne ka bar wa yaron shago rumfa na awa ɗaya, ka zauna kan tabarma ka yi shiru. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye.