Daga Tanki Ake Farawa

Mafi yawan manyan motocin da aka jawo mini gareji da sunan famfon injekta ya lalace, famfonsu lafiyarsa ƙalau. Na tsufa a ƙarƙashin motocin gas, tun zamanin da Bedford da Fiat da Mercedes 911 mai bodin katako ke riƙe da hanyar Kano zuwa Legas, lokacin da ake harhaɗa Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Mercedes kuma a ANAMMCO ta Inugu, wadda aka buɗe a 1980. Motoci sun sauya, amma ƙorafin direba yana nan yadda na same shi: "Oga, tana shaƙewa a hawa, ta mutu, in ta huta kuma ta tashi." Mai mota ya riga ya yanke hukunci tun daga gida cewa famfo ne, domin shi ne abu mai tsada, hankalin mutum kuwa ga babban abu yake fara zuwa.

Ni ga tanki nake fara zuwa, kuma haka nake koya wa yarana.

A cikin tankin akwai wani siririn bututun ƙarfe da ya sauko daga sama har kusa da gindi. Bai taɓa ƙasa ba, da gangan aka bar 'yar tazara domin ruwa da laka su sami wurin kwanciya. Ƙaramin famfon da ke manne a jikin babban famfon Bosch shi ke zuƙo mai ta wannan bututu, ya tura shi cikin filta, daga nan babban famfo ya matsa shi zuwa nozul. Abin da yaro ke daɗewa bai gane ba shi ne, tsakanin tanki da ƙaramin famfo zuƙa ake yi, ba turi ba. Saboda haka idan wuri ya tsage a nan, mai ba ya fita, iska ce ke shiga. Za ka duba ƙasan mota ka ga ko ɗigo babu, ka rantse layin lafiya yake, alhali injin yana ta shan iska. Kamar mai zuƙar ruwa ne da karan da ya fashe a tsakiya: muddin fashewar tana cikin ruwa zai sha, da ta fito sarari sai iska.

Shi ya sa tambayata ta farko ga direba ba ta shafi injin ba. Nakan ce, "Malam, lokacin da ta mutu, ina mai ya tsaya a tanki?" In ya ce da tanki cike ba ta taɓa yi masa haka ba, sai ya sauka rabi, to na san girgizar hanya ko tsatsa ta ci bututun nan. Irin wannan mota za ta yi tafiyarta lami lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da ta ɗauki lodi ta doshi Hawan Kibo, mai ya gangara gefe guda, tsagar ta fito fili, sai ta tsaya a wurin da tsayuwa ke da hatsari. In kuwa ya ce ba ruwanta da yawan mai, tana mutuwa ne ta tashi bayan ɗan lokaci, sai in zargi wani abu da ke yawo a ciki: guntun leda, ko tsumman da aka toshe bakin tanki da shi bayan murfi ya ɓata. Zuƙa ta jawo shi ya rufe bakin bututu, injin ya mutu, zuƙa ta saki, ya koma yawonsa. Wani lokaci ma 'yar kafar iskar da ke jikin murfi ce ƙurar hunturu ta toshe, kana buɗe murfin ka ji tanki ya ja numfashi.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka zuba mai mai tsabta a jarka, ka sa tiyo daga jarkar kai tsaye zuwa ƙaramin famfo. In injin ya miƙe, laifin yana baya. Na ga masu mota da suka sayar da hatsin gida don a kai famfo wurin saiti, aka dawo da shi aka ɗaura, mota ta sake mutuwa a wuri guda. Wannan yana ƙona mini rai har yau, domin jarka ɗaya da ta hana.

Wajen kwance layukan ne ake gane tarbiyyar bakanike. Kafin sifana ta taɓa noti, a wanke wurin da mai a goge, domin ƙwayar yashi guda in ta wuce filta ta isa ta ƙarce cikin famfo, wanda tazarar ƙarafansa ba ta kai kaurin gashi ba. A riƙe da sifana biyu, ɗaya ta tsare, ɗaya ta juya, in ba haka ba bututun zai murɗe tare da notin. Notin da tsatsa ta kama a jiƙa shi a ba shi lokaci. Duk bakin da aka buɗe a rufe shi da leda mai tsabta a ɗaure, kada a cusa masa tsumma mai zare. A kuma sa alama a kan layin da ke kai mai da wanda ke mayar da ragowa tanki, don in aka musanya su an sayi wata wahalar. Washar jan ƙarfen da ke gefe biyu na kusar banjo ba a raina ta: ta taurare bayan ɗauri ɗaya, ko dai a sa sabuwa, ko a gasa ta ta yi ja ta huce ta yi laushi. Mu da muka yi aiki lokacin da kaya ke wuyar samu, gashin muka saba. Motocin da suka zo daga baya masu maɗaurin roba kuwa, rana ta riga ta busar da robar, a danna kunnuwanta a hankali, kada a ɓanɓare da sukudireba.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu, ko yaro ɗan cikina ne. Na farko, ba a laluben yoyon bututun nozul da yatsa injin yana aiki. Ƙarfin man da ke ciki ya ninka iskar tayar babbar mota fiye da sau 20, yana huda fata ya shige nama, ramin ɗan mitsitsi, amma hannu na iya ruɓewa in ba a garzaya asibiti ba. Na biyu, walda a jikin tanki. Mutane suna cewa gas ba ya kamawa kamar fetur, su manta tankin da aka juye cike yake da tururi, kuma man da aka saya hannun 'yan bumburutu ba wanda ya san ko an gauraya shi da kananzir ko fetur. Bututun zuƙa ana ciro shi ne a gyara shi nesa da tanki, ko a lanƙwasa sabo daidai da tsawon tsohon. In ya yi tsawo zai sha laka, in ya gajarta mota za ta mutu da mai a cikinta.

Tunda an riga an buɗe, nakan sa a kwance kusar gindin tanki a zubar da ruwan da ya taru da baƙar majinar da ke tsirowa tsakanin ruwa da mai. Bayan an mayar da komai, a sassauta kusar iska ta kan filta, a yi ta buga famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, sannan ta jikin babban famfo. Yaran yanzu suna son su yi ta murza kii har batir ya mutu. Nakan ce, "Ɗana, sauko ka buga da hannu, sitata ba aikinta ba ne."

Ba na sallamar irin wannan mota da tanki cike, domin cikar tanki tana rufa wa tsaga asiri. Sai mai ya sauka ƙasa da rabi nake sa direba ya ɗauke ni mu nemi hawa mu gwada ta, in ta haye ba ta shaƙe ba, sannan mu yi maganar kuɗin aiki da Alhaji mai motar.