Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Shirin Komawa Samaru

'Yata, 

Na zaɓi in rubuta miki wannan wasiƙa a fili, inda kowa zai karanta, domin tun da labari ya bazu cewa kin samu gurbin digiri na biyu a fannin zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, tambaya ɗaya ake yi mini a Jalingo: wai shi zane har sai an yi masa digiri biyu? Amsar da zan ba masu tambaya ita ce zan ba ki, don ke ma ki san nauyin kayan da kika ɗauka.

Sharuɗɗan shiga kin riga kin cika su: digirin farko a fannin da sakamako mai kyau, takardar bautar ƙasa, da ayyukan hannunki da kika gabatar. Wannan ƙofa ce kawai. Digirin nan naki da ake kira MFA ya sha bamban da sauran. Wanda ya karanta tarihi ko tattalin arziki, kundinsa ne shaidarsa. Ke kuwa shaidu biyu ake nema a wurinki, aikin hannu da rubutu, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Aƙalla shekara biyu za ki yi. Da farko darussa ne, irin su hanyoyin bincike da tarihin fasaha. Sannan ki tsaya gaban malamai ki kare abin da kike son bincikawa. Idan suka amince, sai ki duƙufa a ɗakin zane ƙarƙashin malamin da ke duba aikinki, har ki tara ayyukan da za su cika bango. A ƙarshe ki baje kolinsu, mai jarrabawa ya zo daga wata jami'a da kundinki a hannu, ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya yana tambayarki dalilin wannan launi da wancan layi. Ranar nan babu inda za ki ɓuya, domin abin da hannunki ya yi yana rataye kowa na gani.

Ga inda hankalina bai kwanta ba. A Amurka, MFA shi ne ƙarshen tsani ga mai zane, da shi ake koyarwa a jami'a. A nan kuwa an matsa wa malaman jami'a lamba su yi digiri na uku kafin su yi nisa a aiki, sai ɗalibai da yawa suka mayar da MFA mashiga kawai. Suna sauri su gama kundi, burushi yana bushewa a gwangwani. Ni ina ganin wannan asara ce babba. Rubutun yana da amfani, domin shi zai tilasta miki ki san abin da kike yi, ki kuma iya faɗinsa da baki. Amma ki ba ɗakin zane safiyarki, lokacin da haske yake da kyau kuma kanki bai ɗau zafi ba, ki bar wa Laburaren Kashim Ibrahim yamma. Idan kundin ya yi kauri bangon ya zama fayau, kin ci jarrabawar da ba ita kika je rubutawa ba.

Ki kuma san gidan da kika shiga. Sashen zanen nan ya girmi jami'ar kanta. An dawo da shi Zariya daga Ibadan a 1955, a zamanin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya, ita kuwa jami'ar sai a 1962 aka kafa ta. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon abin da malamansu Turawa suka kawo ba. Za su karɓi dabarar, amma za su haɗa ta da fasahar garuruwansu. Kowa ya koma gida ya tono nasa, kuma da abin da suka tono duniya ta san su. Wannan jami'ar ce kuma ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, maginiyar tukwane wadda hotonta ke jikin naira 20, saboda aikin yatsunta.

To ke me za ki tono? Nan ne nake son ki saurare ni da kyau. Taraba ba ta rasa abin zane ba. Sassaƙen Mumuye na Zing da Yorro, masu dogon jiki da hannuwa da suka lanƙwaso suka zagaye gangar jiki, suna manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Yawancinsu sun bar ƙasar nan ne daga ƙarshen shekarun 1960. A 2011 gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles ya yi gagarumin baje koli na fasahar kwarin Binuwai, da ayyukan Mumuye da na Jukun a ciki. Mutanen waje sun ɗauki hoto, sun auna, sun rubuta littattafai, yaranmu kuwa suna girma a Jalingo ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Wannan yana ci mini rai.

Na san wasu 'yan uwa za su ɗaga gira. Kin san abin da malamanmu suka faɗa game da siffanta mai rai, ni ma ban ce ki sassaƙa gunki ba. Amma fagen da ya rage yana da faɗi ƙwarai. Kina Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa tun ƙarni na 19. Ga zanen bangon gidaje, ga dagi, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga.

Da ni ne, ƙwarya zan ɗauka. Ki tuna yadda matan Fulani na ƙasar Muri suke mata ado. Mace ta zauna kusa da garwashi, wuƙaƙe suna ciki har bakinsu ya yi ja. Ta ɗauko ɗaya, ta dafe ƙwaryar a cinya, ta ja layi, hayaƙi ya tashi siriri. Kafin wuƙar ta huce ta mayar ta ɗauko wata. Ba ta auna komai da ma'auni, amma idan zanen ya zagayo, layin ƙarshe yana haɗuwa da na farko daidai. Ilimin lissafi ne da tsari a hannun wadda ba ta shiga aji ba. Tun 1977 wani Bature mai suna Chappel ya fitar da littafi a kan ƙoren arewa maso gabas, amma yau roba da silba sun cika kasuwa, masu aikin kuma suna tsufa. Ke kina jin Fulatanci, kina iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Ki zauna da su, ki tambayi sunan kowane zane da ma'anarsa, ki koyi riƙon wuƙar. Sannan ki kai abin da kika koyo kan ƙyallen zanenki ki sarrafa shi ya zama naki, domin malamai ba kwafi suke nema ba. Kuma idan kin zo rubuta kundi, ki ambaci matan nan a matsayin malamanki, da izininsu.

Batun kuɗi kada ya hana ki barci. Fenti da ƙyalle da katako sun yi tsada, na sani, kuma yajin aiki yana iya ja da shekara biyu ta zama uku, kamar yadda na 2022 ya cinye wata takwas. Abin da Allah ya hore zan riƙa turo miki. Idan aka rufe makaranta, ki taho gida da kayan aikinki, an share miki ɗakin da ke kusa da zaure.

Roƙona ɗaya ne. Idan kin gama baje koli a Samaru, kada ki naɗe zane-zanen ki tura Legas ko Abuja kai tsaye. Ki fara kawo su Jalingo, mu nemi zaure a Jami'ar Jihar Taraba ko a wata makarantar sakandare, mu gayyato 'yan makaranta da matan da suka koya miki, su gani da idonsu. Kuɗin motar kawo zane-zanen yana wuyana.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.

Mahaifinki,
Jalingo, Jihar Taraba