Bencin makaranta a gaɓa yake mutuwa

Duk malamin da ya koyar a Gure ya san inda teburin ɗalibai yake fara lalacewa: mahaɗar ƙafa da giciye. Katakon da muke saye daga kudu yake zuwa da danshinsa. Hunturu na busawa sai ya tsuke, ƙusa ta saki, benci ya fara rawa, yara su koma zaman ƙasa. Maganinsa tsoho ne: haɗin mace da namiji, a fafe rami a wannan katako, a fitar da harshe a wancan, a sa gam.

Ni da nake ɗan taɓa kafinta a gida bayan an tashi lakwal, hanya uku na gwada da injin rauta. Ta farko, riƙe shi a hannu ana bin allon jagora. Ta fi araha, tana fafe rami da kyau, amma harshe sai mai natsuwa. Ta biyu, kafa injin a ƙarƙashin tebur ana tura katako. Akwai sauri, sai dai haƙorin yana juyawa fiye da sau 20,000 a minti, yatsu kuma suna kusa. Ba na barin yaro ya matso.

Ta uku ita ce pantorouter, wadda Matthias Wandel na Kanada ya ƙirƙiro, kuma ana iya haɗa ta da katako. Injin a kwance yake, hannunka yana bin samfuri mai girman abin da za a yanka sau biyu, don haka kuskuren hannu rabi yake fitowa. Idan benci 30 za a yi masu gaɓa iri ɗaya, babu kamarta. Amma saita ta na cin lokaci, kan kujera ɗaya ba ta biya.

Dukansu ukun bayin wuta ne. Ranar da aka ɗauke ta, zarto da cizal ne sarakai.

Shi ya sa nake ce wa iyayen da ke kai 'ya'yansu koyon sana'a, a shago ko a cibiyoyin CFM: ku tambaya ko yaro zai fara yanka gaɓa da hannu kafin a ba shi inji. Mu malamai kuma, idan kwamitin makaranta zai ba da aikin benci, mu kifa samfurin mu duba ƙarƙashinsa. In ƙusa kaɗai ta riƙe shi, kada a biya.