Lambobi Uku da Baba Ya Bari

Bara, bayan ƙaramar Salla, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram. Daga Zangon Kumasi ya taso. Ya ce kakansa ya bar ƙasar nan yana saurayi, ya bi fataken goro zuwa Gwanja, bai sake waiwayo gida ba. Abin da ya bar wa zuriyarsa shi ne sunan mahaifinsa da sunan wani ƙauye kusa da Mirriya. Da waɗannan sunaye biyu dattijon ya yi ta tambaya har aka nuno masa gidanmu. Abin da yake son sani ɗaya ne: shin mu ne danginsa?

Mu biyar ne ƴaƴan gidan, amma ba wanda ya iya ƙirga kakanni fiye da biyu a cikinmu. Wadda ta san asalinmu ita ce Kaka, gwaggon mahaifinmu, ta kuwa rasu tun muna ƙanana. Wanda ya zauna gabanta ya rubuta abin da ta sani shi ne Baba, shi ma shekara huɗu ke nan da komawarsa ga Allah. Muna ta kallon juna, sai Inna ta ce daga ɗaki: “Ku duba akwatin nan na ubanku. Duk abin da tsohuwa ta faɗa yana ciki.”

Akwatin da take nufi tsohuwar kwamfuta ce irin ta 386, wadda wani boro ya sallama wajen tsakiyar shekarun 1990, Baba ya saya da kuɗin albashinsa na mushe. Ta fi shekara goma sha biyar lulluɓe da zane a kan kabad. Muka sauko da ita, muka karkaɗe ƙura, muka jona ta da kuran. Ta yi ƙara sau biyu, ta rubuto da Turanci cewa batirinta ya mutu, ta nuna mana ranar 1 ga Janairun 1980, ta ce kuma ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Muka danna madannai, shiru. Gabanmu ya faɗi, don mun ɗauka komai ya goge.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin Kasuwar Dole ne ya kwantar mana da hankali, bayan ya yi mana faɗan kunna ta ba tare da an buɗe cikinta ba. Ya ce rubutu yana kwance a kan faifai, ba ruwansa da batir. Abin da batir ke riƙewa daban ne, kuma ɗan kaɗan ne.

Kwamfutar IBM PC ta farko, ta 1981, ba ta da agogo mai batir. Duk lokacin da aka kunna ta sai ta tambayi mai ita kwanan wata da ƙarfe nawa, in ya ƙyale ta sai ta fara ƙirga daga farkon 1980. A 1984 ne, da fitowar samfurin AT, aka dasa wata ƴar ƙwaƙwalwa ta kamfanin Motorola mai gurbin ajiya 64 kacal: 14 na agogo da sarrafa shi, 50 na saituna. Kusa da ita akwai ɗan ƙanƙanen dutsen kwaz mai kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, shi ne bugun zuciyar agogon. A cikin gurabun nan hamsin na’ura ke ajiye sanin kanta: yawan ƙwaƙwalwarta, irin ƙaramin faifan da take karɓa, da siffar babban faifanta. Wannan sani ba a rubuce yake ba, a riƙe yake. Muddin ɗan batir na ba da wuta yana nan. Ranar da wutar ta yanke, sai na’ura ta wayi gari ba ta san ranar da take ciki ba, ba ta kuma san hanyar rumbunta ba.

A na’urorin baya-bayan nan abin da sauƙi. Batirin ɗan faifai ne kamar kwabo, CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. A ɓalle shi da farce a sa sabo, na’ura kuma ta gano faifanta da kanta. Na zamanin 386 da 486 ba haka suke ba. Da yawansu ɗan batir ne mai siffar ganga, na nikel da kadmiyam, bolt 3.6, an like shi da dalma a jikin babban allo. In ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwansa mai kaifi irin na toka ya bi jijiyoyin jan ƙarfe yana ci a hankali. Da Malam ya buɗe tamu, muka ga wani gari shuɗi-shuɗi ya kewaye gindin batirin, ya cinye jijiya biyu masu zuwa ramin allon madannai. Shi ya sa ta ƙi amsa mana. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Ya datse ƙafafun batirin ya jefar, ya shafa ruwan khal da tsohon buroshin haƙori har kumfa ta daina tashi, ya wanke da alkwal, ya bar allon ya bushe kwana guda. Washegari ya ɗinke jijiyoyin da siririyar waya. Bai mayar da irin wancan batir ba. Ya ce kuma ba a like ɗan kwabon nan kai tsaye a gurbinsa, domin allon zai riƙa cusa masa caji alhali shi ba na caji ba ne, sai an sa masa abin tare wuta. Sai ya haɗa ƙananan batir uku na rediyo a cikin ƴar ma’ajiyar roba, ya ja waya zuwa ƙusoshin da aka tanada don batirin waje, ya ɗaure su nesa da allo, yadda ko sun yi yoyo ba za su taɓa komai ba.

Madannai suka amsa, agogo ya karɓi kwanan wata. Saura faifai. Na’ura irin wannan sai an gaya mata lambobi uku: yawan da’irorin faifan, yawan kawunan da ke karanta shi, da yawan yankunan kowace da’ira. Babu su a jikin namu. Malam ya ce ko an samo na kamfani ba lalle su yi ba, don wanda ya ɗaura faifan tun farko yana iya zaɓar wasu daga jerin da na’ura ke bayarwa, kuma da waɗanda aka rubuta da su kaɗai ake karantawa daidai. Mun tambaya ko za a jona faifan da sabuwar kwamfuta, ya ce yawancin wayoyin jonawa na yanzu ba sa jin yaren faifai mai wannan shekaru.

Muka koma gida jiki a sanyaye. Da muka ba Inna labari, sai ta yi ɗan shiru, sannan ta ce: “Ni dai na san a ƙarshe-ƙarshen nan, kullum zai kunna ta sai ya kifa abin dannawar nan ya duba gindinsa.” Muka kifa. Ga ƴar takarda an manna da gam, ta yi ja don tsufa, da rubutun Baba na fensir: 977, 5, 17.

Ashe batirin ya fara mutuwa tun yana amfani da ita. Maimakon ya dogara da ƙwaƙwalwar na’ura ko tasa, sai ya rubuta. Malam ya shigar da lambobin, faifai ya yi gurnani, shuɗin allon WordPerfect ya bayyana. Ba mu ɓata lokaci ba, muka kwashe komai a ƙananan faifai tun kafin tsohon ya canza shawara.

Fayil goma sha ɗaya ne, daga KAKA1 zuwa KAKA11. Da yake na’urar ba ta da haruffa masu lanƙwasa, Baba ya riƙa sa waƙafi a bayan k da d da b. A na huɗu muka sami abin da baƙonmu ya zo nema: Kaka ta ambaci ƙanen mahaifinta da ya bi ayarin goro, da sunan ubansu, da ƙauyen, har da tabon ƙuna a hannunsa na hagu. Da muka karanta wa dattijon, bai ce komai ba sai da aka zo kan tabon. Nan ya rufe fuska da hannun riga. Tun daga ranar Baffa muke ce masa.

Amma ba duka muka tsira da shi ba. Fayil bakwai na farko suna ɗauke da kwanakinsu na 1996 da 1997. Huɗun ƙarshe duk 1 ga Janairun 1980 suke nunawa, domin Baba yana shigar da lambobin faifai kowace safiya, amma ba ya tsayawa gyara agogo. A cikinsu ne maganar Kaka ta ƙarshe take, ba mu kuwa da hanyar sanin ranar da ta yi ta. Abin da ya rubuta a takarda ya iso gare mu. Abin da ya bar wa batir ya tafi da batir.

Saboda haka, duk mai irin wannan na’ura a ɗaki, kada ya jira baƙo daga Kumasi. Ya buɗe ta ya duba batirin tun yau, in mai ganga ne ya sa a cire shi ko da bai fara yoyo ba. In har tana tashi, ya shiga shafin saitunanta ya ɗauki hoton kowane fage kafin a taɓa batirin, ya rubuta lambobin faifai a takarda ya manna a jikinta, ya kwafe abin da ke ciki zuwa wuri biyu.

Mu kuma mun lura da wani abu da ya fi wannan. Da faifai da takarda duk suna nan shekara da shekaru, amma ba su amfane mu ba sai da Inna ta tuna yadda mijinta ke kifa allo da safe. Ita ma tana riƙe da abubuwan da ba a rubuta ko’ina ba. Yanzu kowace Juma’a bayan la’asar muna zama gabanta da littafi da alƙalami, kuma abin da muke fara rubutawa a saman shafi shi ne kwanan wata.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu da suka rage lafiya da nisan kwana.