Gajiyar Sherif Bell da Gajiyar Mai Gari

A nan jihar Teksas ta Amurka, sherif, wato babban jami'in tsaron gunduma, zaɓensa ake yi. Jihar na da gundumomi 254, kowacce da nata, kuma duk bayan shekara huɗu sai ya dawo gaban jama'a neman ƙuri'a. Lokacin zaɓe za ka ga allunan sunansa a kafe a ƙofar gidaje. Wanda ya kulle ɗanka bara shi ne zai miƙo maka hannu bana yana roƙon goyon baya.

Sai mutum ya san haka zai gane nauyin da ke kan Sherif Ed Tom Bell a littafin Cormac McCarthy mai suna No Country for Old Men, wanda ya fito a 2005 aka mai da shi fim a 2007. Labarin ya faru ne a 1980 a gundumar Terrell, daf da iyakar Meziko. Wani ɗan yankin, Llewelyn Moss, ya tsinci jakar kuɗin dillalan ƙwaya, wani makashi mai suna Anton Chigurh kuwa ya bi sahunsa da bindigar da ake kashe shanu da ita a mayanka. Duk inda Bell ya je, an riga an gama ɓarna: gawa a kwance, makullin ƙofa a fashe. Moss da matarsa mutanensa ne, kuma bai iya ceton ko ɗaya ba.

Bell ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, har ya samu lambar yabon da yake ganin bai cancanta ba domin ya baro abokansa a fagen daga. Yana tuna tsofaffin sherif da ko bindiga ba sa ratayawa. Abin da ya karya shi shi ne kisan da ya rasa gane kansa, da sanin cewa waɗanda suka zaɓe shi sun dogara da mutumin da abin ya fi ƙarfinsa. Da kansa ya ajiye aiki.

A Najeriya tsarin daban yake. Rundunar 'yan sanda guda ce ta tarayya, tun da aka haɗe 'yan dokan En'e da ita a zamanin Gowon. Turo DPO ake yi, sau da yawa daga wata jiha, kuma kafin ya gama sanin unguwanni takardar canjin wuri ta iso. Yana da tasa gajiyar, ta ƙarancin kayan aiki da binne abokan aiki, amma ba a barinsa ya tsufa a gari ɗaya.

Mai irin ciwon Bell a wajenmu shi ne dagaci ko mai unguwa. A Zamfara da Katsina akwai dattawan da suka saba raba rikicin manomi da makiyayi da baki, zamanin da makamin faɗa bai wuce sanda da adda ba. Yau su ke ƙirga gawawwaki, su ke tara kuɗin fansa. Ba su da bindiga, ba mai canza musu wuri, murabus kuma ba ya raba su da garin.

Masu neman a kafa 'yan sandan jihohi suna da hujja: ɗan gari ya san hanya, ya san fuska, mutuwar kowa tana taɓa shi. Sai dai labarin Bell gargaɗi ne. In kuɗi da makamai na shigowa daga waje fiye da ƙarfin ɗan gari, sanin jama'a ba zai tare harsashi ba, sai dai ya ƙara masa nauyin da zai tsufa da shi.