Labarin Wani Abinci Mai Suna Nacos

A jihar Teksas ta ƙasar Amurka, da arewacin ƙasar Meksiko da ke iyaka da ita, akwai wani abinci da a ke kira nacos. Ba irin abincin da magidanci zai ci ya kwana da shi ba ne. Abin taɓa ka lashe ne, wanda a kan kawo wa mutane a faranti guda su riƙa tsakura suna hira kafin babban abinci ya iso. Na yi wata biyu a wannan yanki cikin shekarar 2019, wajen wani ɗan wana da ke aiki a birnin Houston, na kuwa ci abincin nan a wurare da dama. Huɗu daga cikinsu na ke so in ba ku labari, domin ko da ya ke sunansu ɗaya, in aka jera maka su ba ka ce dangin juna ne ba.

Amma tilas in fara da gindin abin, watau totiya. Ita ce cimar yau da kullum ta mutanen Meksiko, kamar yadda tuwo ya ke gare mu. Wata 'yar gurasa ce ta masara, faɗinta kamar tafin hannu, kaurinta bai wuce na bangon littafi ba. Ba garin masara su ke kwaɓawa kai tsaye ba. Su kan dafa tsabar da ruwan farar ƙasa ko na toka, su bar ta ta kwana a jiƙe, da safe su wanke, su markaɗa ta da danshinta. Wannan dabara ce ke sa ƙullun ya kama jikinsa. Likitoci kuma sun gano tana fito da wani sinadari mai amfani ga jiki da ke ɓoye cikin masara. Talakawan Italiya, da suka karɓi masara suka bar tokar, sun daɗe suna fama da wata cuta mai sa fata ta tsattsage. Iyayenmu mata da ke jefa kanwa cikin wake ba za su yi mamakin wannan ba. Ita masara dai asalinta daga can Meksiko ne, don haka ba a koya musu sarrafa ta.

To, in an yayyanka totiya yanki yanki mai kusurwa uku, aka soya da mai har ta yi garas-garas, aka ɗora mata cuku, aka sa a tanderu cukun ya narke, sa'an nan aka aza yankan wani ɗanyen barkono kore mai suna halafenyo wanda ya jiƙu cikin ruwan tsami, an gama nacos ke nan. Cukun nasu ba busasshe ba ne kamar na Buzaye. Mai taushi ne, da ya ji wuta sai ya narke ya yi yauƙi.

Ba tsohon abinci ba ne, an san wanda ya fara shi. A bakin kogin da ya raba ƙasashen biyu akwai garuruwa biyu suna duban juna, Eagle Pass a gefen Amurka, Piedras Negras a gefen Meksiko. A farkon shekarun 1940 akwai wani gidan abinci a Piedras Negras mai suna Victory Club, shugaban masu hidimar baƙi a gidan kuwa sunansa Ignacio Anaya. Ran nan waɗansu mata suka ƙetaro daga Eagle Pass suna neman abin sa wa a baka, kuku ba ya nan. Maimakon ya sallame su sai Ignacio ya shiga kicin, ya haɗa abubuwan nan uku da ya tarar, ya kawo musu. A ƙasarsu duk mai suna Ignacio a kan ce da shi Naco, kamar yadda mu ke ce da Abubakar Garba. Daga laƙabinsa abincin ya sami suna.

Na farko da na ci a Houston ne, a wani babban gidan abinci. Mu shida ne a tebur. Aka kawo tire sai ka ce an juye kwando: totiya tuli guda, bisa kanta niƙaƙƙen naman sa, da wake, da tumatir, da albasa, da markaɗaɗɗiyar fiya, da wani farin abu mai kama da kindirmo, cuku yana gangarowa ta ko'ina. Kai, abin gwanin ban sha'awa a ido. Na sama sama kuwa ba laifi, akwai daɗi. Amma kafin mu yi rabi sai abin ya sake. Waɗanda ke tsakiya sun sha ruwan tumatir da na nama sun yi laushi kamar takardar da ruwan sama ya doka, in ka ɗauka sai su karye a hannu. Na ƙasa kuma ko ɗigon cuku bai kai gare su ba.

Abin da ya fi damuna a nan ba laushin ba ne. A cikinmu akwai wani yaro ɗalibi, sabon zuwa, mai kunya. Yana jiran manya su fara, kamar yadda aka koya masa a gida. Kafin ya miƙa hannu sau uku, masu saurin hannu sun kwashe saman, shi sai gaya ya samu. Kuɗi kuwa daidai aka raba. Mu da muka tashi da cin tuwo a ƙwarya ɗaya mun san wannan matsala, shi ya sa a kan ajiye nama gefe har a gama, babba ya raba. Tulin nacos ba shi da mai rabo. Wanda ya riga shi ke ci.

Na biyu a filin wasa na ci shi, inda ɗan wan nan nawa ya kai ni kallon wata ƙwallo da su ke bugu da sanda. Wannan iri wani ɗan kasuwa ne mai suna Frank Liberto ya fito da shi a 1976, a filin wasa na garin Arlington, domin ba shi yiwuwa a tsaya gasa wa mutum dubu cuku a tanderu. Sai aka yi wani romo ruwan ɗorawa mai ɗanɗanon cuku, wanda ke zaune da ɗuminsa a tukunya, a matsa maka shi a gefen ɗan akushin roba, kana tsomawa kana ci. Kowa da nasa, ba mai cin rabon wani. Gishiri da barkono kuwa sun isa, har na sayi lemo sau biyu, na kuma gane masu sayar da lemon ba su ƙi haka ba. Yana kashe kwaɗayi in ana kallo, amma ban ji ɗanɗanon masara a cikinsa ba ko kaɗan.

Bari in tsaya in yi wa Musulmi matafiyi gargaɗi kafin in wuce. Waken da su ke dafawa su dame su soya, bisa al'ada da kitsen alade a ke soya shi, suna ce da kitsen manteka. Akwai kuma wani jan nama mai yaji, coriso, shi ma galibi na alade ne. Gidajen abinci da yawa suna amfani da man girki, amma sai ka tambaya. Ban taɓa tambaya an ɓata mini rai ba.

Na uku a San Antonio ne, a wani ƙaramin gida mai tebur goma, wata tsohuwa ce ke kula da kicin. Da aka ajiye farantin sai yaron nan nawa ya ce, "Baba, ai wannan bai kai a kira shi abinci ba." Guda goma sha biyu ne kacal, an jera su kewaye da faranti ba wanda ya hau wani. Ko wane ɗaya an shafa masa wake, an ɗora cuku, an aza barkono yanki guda a tsakiya. Mu huɗu ne, kowa ya sami uku, na ƙarshe kuwa da ƙararsa ya shiga baki kamar na farko. Aiki ne mai cin lokaci, domin sai an bi su ɗaya ɗaya da hannu, shi ya sa manyan gidaje ba su cika yinsa ba.

Daga San Antonio zuwa Eagle Pass kimanin mil 140 ne, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai ƙaya da zafin rana. Muka bar mota, muka taka gada da ƙafa muka ƙetare kogin, wanda Amurkawa ke kira Rio Grande, mutanen Meksiko kuwa Rio Bravo. Ma'anar Piedras Negras ita ce baƙaƙen duwatsu, saboda kwal da ke ƙasar. A nan na ci na huɗu, irin na asali, ba wake ba nama, abu uku tak. A lokacin aka soya totiyar, ta ɗan fi sauran kauri, ƙanshinta kamar na gasasshiyar masara da kaka. Sai a nan na gane amfanin barkonon: tsaminsa ne ke yanke maiƙon cuku, har ka so ƙari. A gare ni wannan ne na ɗaya, na San Antonio na bi masa.

Yaron bai yarda ba. Ya ce shi in ya biya kuɗinsa yana so ya ga tudu a gabansa, wanda ya wuni yana aiki ba ya ƙoshi da guda uku. Yana da gaskiyarsa, gama ni ma da muka fito sai da na nemi shinkafa. Muka yi ta gardamar nan har muka komo gada.

Shi kuwa Ignacio Anaya, an haife shi a 1895, daga baya ya buɗe gidan abinci na kansa a garin, ya rasu a 1975. Bai yi rajistar abincin da sunansa ba, don haka duk masu sayar da shi, daga Teksas har Ingila, ba wanda ya biya shi ko kwabo. Mutanen Piedras Negras su kan yi bikin nacos cikin watan Oktoba, an kuma keɓe ran 21 ga watan don tunawa da abincin.